Su a Gindin Dutse

Yaron da aka haifa a Tudun Wada, cikin birnin Sakkwato, ba ya ganin gulbi in ya fito ƙofar gida, gama unguwarsu a kan tudu ta ke, kamar yadda sunanta ya nuna. Amma kifi ba baƙonsa ba ne. Yana ganinsa a kasuwa, da ɗanye da banda, yana kuwa cinsa cikin miya. In wata rana ya bi hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gangara har gadar Kwalkwalawa, sai ya iske Gulbin Rima a shimfiɗe, da masunta cikin 'yan jiragensu, wani na jefa birgi, wani na duba ƙugiyoyin da ya kafa tun jiya. Daga bisa gada aikin kamar wasa ne. Wanda ya taɓa zama cikin jirgin, shi ya san ba wasa ba ne.

Mutanen Sakkwato sun ga ƙarfin wannan ruwa da idonsu a daminar 2010, sa'ad da ambaliya ta cinye hanyar jami'a, har sai da malamai da ɗalibai suka koma ƙetarewa cikin kwalekwale. Waɗanda ba su taɓa taka jirgi ba duk suka shiga, ransu a hannun Allah, sa'an nan a hannun matuƙa.

Gulbin Rima daga wajen Goronyo da Wurno ya ke gangarowa. Kusa da birni ya kan gamu da Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya biyo ta Gusau. In sun gamu sai su nufi Argungu da Birnin Kebbi, daga nan su miƙe kudu su faɗa cikin Kwara. A wajen Sakkwato galibin ƙasan gulbi rairayi ne da laka. In jirgi ya hau rairayi sai ya tsaya kurum, matuƙi ya tura shi da sanda ya koma ruwa. Amma wanda ya bi hanyar mota ta Shagari da Tambuwal da Jega da Koko har ya kai Yawuri, zai tarad da wani irin ruwa dabam. Can Kwara tana da faɗi ƙwarai, tana da gungu da yawa, watau tsibirai, kuma akwai duwatsu cikinta. Waɗansu sun fito fili, tsuntsaye na sauka bisansu. Waɗansu kuwa ruwa ya rufe su, ba a ganinsu sam. Waɗannan na biyun su ne abin magana.

Me ya sa masunci zai kai jirginsa wurin dutse, alhali ya san dutse na fasa jirgi? Dalili shi ne can kifi ya ke. Gansakuka ta kan tsiro a jikin dutsen da ke cikin ruwa, ƙananan ƙwari da dodon koɗi su maƙale a cikinta. 'Yan ƙananan kifaye su kan zo cin waɗannan, manya kuma su biyo ƙananan. Ban da abinci, dutse na ba kifi maɓoya. Kurungu na son kogon dutse mai duhu. Bayan dutse kuma, inda gudun ruwa ya karye, nan kifi kan kwanta ya huta, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Giwan ruwa, wanda ya kan kai nauyin babban mutum, irin wurin nan ya ke fako. Saboda haka wurin da ya fi kifi shi ne kuma wurin da ya fi hatsari, ba a raba su.

Ba a Kwara kaɗai abin ya ke haka ba. A bakin teku ma akwai duwatsun da ke kwance kusa da gaɓa, ruwa ya lulluɓe su. A Bahar Maliya waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne su ke gina irin waɗannan duwatsu, su ne duwatsun murjani. Alhazan da, waɗanda suka kan bi ta Sudan su haye zuwa Jidda cikin jirgin ruwa, ta tsakaninsu aka ratsa da su. Masuntan can ma jikin duwatsun nan su ke zuwa su, su ma da irin hattarar da masuntan Yawuri ke yi.

Akwai wani Bature mutumin Sikotilan, sunansa Mungo Park, wanda ya ƙudura ya bi Kwara har ya ga inda ta faɗa. A ƙarshen shekarar 1805 ya taso daga Sansandi, cikin ƙasar da a ke kira Mali yanzu, da wani jirgi da ya gyara da kansa. Ya wuce kusa da Tambutu, ya yi tafiyar ɗaruruwan mil, ya iso ƙasar Yawuri. Nan tafintansa ya rabu da shi. Park ya ci gaba ba shi da wanda ya san ruwan. Da ya kai Busa, inda duwatsu suka matse kogin, sai jirgin ya maƙale a dutse, faɗa kuma ya tashi tsakaninsa da mutanen da ke gaɓa. Ya faɗa ruwa, ruwa ya ci shi, cikin 1806. Jarumi ne, ba shakka, amma jarunta ba ta nuna wa mutum inda dutse ya ke.

Duwatsun Busa ɗin nan yanzu suna can ƙarƙashin ruwa. A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya taru ya zama babban tafki mai tsawon kamar mil 80, ya miƙe har wajen Yawuri. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa, aka kuma ta da mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai. Ruwan ya rufe tuddai da duwatsu da itatuwa. In tafki ya cika suna can ƙasa, jirgi ya wuce bisansu lafiya. In ruwa ya janye sai ƙonƙolin duwatsun da kututturan su matso kusa da fuskar ruwa. Watau hanyar da masunci ya bi lafiya a wannan wata, in ya bi ta bayan wata huɗu tana iya tsaga masa jirgi.

To, ta yaya Sarkawa da sauran masuntan da suka gaji sana'ar su ke zuwa irin wurin nan su komo? Aikinsu tun a tudu ya ke farawa, don ba a fafa gora ranar tafiya.

Da fari masunci ya kan duba jirginsa. Jiragen da na itace guda ne, a ke sassaƙa gungumen maɗaci ko wani babban ice a rarake cikinsa. Yanzu manyan itatuwa sun yi wuya, galibin jirage na katako ne da aka haɗa da ƙusa. Irin wannan jirgi ta mahaɗin katako ya kan yi yoyo. Mai hankali ya kan kwashe ruwan da ya kwana ciki tas, ya tsaya ya ga ta inda sabo ke tsattsafowa, ya toshe da tsumma da kwalta. Ya kan danna katakon da yatsa, in ya ji ya yi laushi ya san ya ruɓe. Jirgin da ke yoyo kaɗan a bakin gaɓa, in ya sha dukan raƙuman ruwa a tsakiya, yoyon ba zai tsaya kaɗan ba.

Sa'an nan sai kayan tafiya. Akwai filafili, da wani na biyu don ko na farko ya karye ko ya suɓuce. Akwai doguwar sanda ta tura jirgi da auna zurfi. Akwai ƙwarya ko yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa, a kan ɗaure ta da zare a jikin jirgi, gama in jirgi ya karkata ita ce ta ke fara tafiya. Akwai igiya mai tsawo da dutsen da a ke ɗaura mata don tsai da jirgi, da wuƙa mai kaifi, da ruwan sha, da malfa, da tocila. Mai wayar hannu ya kan sa ta cikin leda ya ɗaure bakin. Wanda jirginsa ke da inji ya kan raba mansa kashi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na komowa, ɗaya kuwa ba a taɓa shi sai ta ɓaci. Kuma ko da inji, ba a barin filafili a gida.

Abin da ya fi duka, shi ne abin da zai riƙe mutum bisa ruwa in ya rabu da jirgi. Kakanni sun san wannan. Duk wanda ya ga bikin kamun kifi na Argungu, wanda a ke lissafin farkonsa daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai can a 1934, ya ga yadda Kabawa ke faɗawa Matan Fada kowa da homa da ƙaton gora. Goran nan ma'ajin kifi ne, kuma shi mutum ke kifa ciki a kai ya yi iyo. Dabara ce mai kyau, amma tana da aibi guda. Gora sai an riƙe shi. In hannu ya gaji, ko kai ya bugi dutse mutum ya suma, gora ya tafi abinsa. Rigar ruwa kuwa a jiki a ke ɗaure ta, ba ta bukatar ƙarfin mai ita. Amma sai an sa ta an ɗaure igiyoyinta tun a gaɓa. Wadda aka ninke aka zauna a kai matashi ce, ba riga ba. Waɗansu samari su kan ji kunyar sa ta, wai kada a ce ba su iya ruwa ba. Wannan kunya ba ta da wani amfani, gama galibi gwani ne ke kai kansa inda ruwa ya fi ƙarfinsa. Inda ba a sami riga ba, jarkar roba wadda ba kome ciki, in an murɗe murfinta tam, tana iya tallafar babban mutum har taimako ya zo.

Kafin ya tashi, masunci ya kan gaya wa mutanen gida inda za shi da lokacin da zai komo. Maganar gajera ce, amma in magariba ta yi ba a gan shi ba, ita ce za ta nuna wa masu nema wajen da za su nufa. Baƙo kuwa ba ya shiga ruwan da bai sani ba sai ya gai da Sarkin Ruwa na wurin, ya nemi izini, ya kuma tambayi inda duwatsu su ke, da inda dorina ke kiwo. Dorina mai ɗa ba ta son jirgi kusa da ita, tana kuwa iya kifar da shi da kai ɗaya. Zuwa wurin dutse ba na mutum guda ba ne. Biyu a ke so, ɗaya na tuƙi, ɗaya na duban gaba.

Batun lodi yana bukatar a tsaya a kansa, don shi ya fi cin rayuka. Kowane jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, gwargwadon yadda bakinsa ke matsowa kusa da ruwa. In abin da ya rage tsakanin bakin jirgi da ruwa bai kai taƙi guda ba, ko ƙaramin raƙumin ruwa sai ya leƙo ciki. Ruwa kuwa abu ne mai nauyi: garwa ɗaya ta kai kilo 18. In garwa biyar suka shiga jirgi, kamar an ƙara wani ƙaton mutum ne. Ya ma fi mutum muni, gama mutum ya kan zauna wuri ɗaya, ruwa kuwa duk gefen da jirgi ya karkata can zai kwarara gaba ɗaya ya ƙara danne shi. Don haka ba a jira ruwa ya taru kafin a kwarfe. Masunci kuma ya kan tuna jirginsa zai fi nauyi a komowa, saboda kifi da jiƙaƙƙen taru. Wanda ya cika jirgi tun a tafiya, ina zai sa abin da ya je nema?

A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako mai ɗauke da mutum sama da 150 ya tsage a Kwara kusa da Wara, cikin ƙasar Ngaski ta Jihar Kebbi, mutane masu yawa suka rasu. Hukuma ta ce jirgin tsoho ne, kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A watan Afrilu na 2022 kuma jirgi ya kife a ƙasar Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Waɗannan jiragen fasinja ne, ba na su ba, amma ruwa bai san bambanci ba.

Bayan jirgi da lodi sai sama. Da rani, lokacin hunturu, hazo kan rufe gaɓa har mutum ya rasa gabas da yamma a tsakiyar tafki. Ranar da hazo ya yi kauri ba ranar zuwa dutse ba ce. Da bazara da farkon damina kuwa hadari ne abin tsoro. A ƙasar Hausa galibi daga gabas ya ke tasowa, kuma iska ce ke riga ruwan sama isowa. In masunci ya ga gabas ta yi baƙi, ya ji iska ta ɗauke cak, ko ya ji wani sanyi-sanyi ya bugo shi, ba ya cewa bari in ƙara jefa birgi sau ɗaya. Nan da nan ya ke naɗe kaya ya nufi gaɓar da ta fi kusa, ko da ba ta garinsu ba ce. A fili irin na Kainji iska na ta da raƙuman ruwa manya cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma a kan ruwa mutumin da ke cikin jirgi shi ya fi kome tsawo, ga tsawa. In iska ta riske shi bai kai gaɓa ba, sai kowa ya zauna a ƙasan jirgi, a juya goshin jirgi wajen raƙuman ruwa a riƙa hawansu a ɗan karkace. Ba a ba su gefe.

Har wa yau ruwa na iya ƙaruwa ba tare da an ga hadari ba. In an buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, ko ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato, ruwa kan taso a ƙasa ko da sama garau ta ke. Kwara kuma sau biyu ta ke cika a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda ruwan saman ƙasashen kusa ke kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke isowa cikin hunturu, bayan ya yi watanni yana tafiya daga duwatsun ƙasar Gini ta cikin fadamun Mali. Kowannensu na sake kamannin wuri. Dutsen da aka ɗaure jirgi a jikinsa bara war haka, bana yana iya zama ƙafa biyu ƙarƙashin ruwa.

To, ga jirgi ya kusa wurin. Yaya a ke gane dutsen da ba a gani? Ruwa da kansa ke faɗa, ga wanda ya iya karatunsa. Inda ruwa ke gudu, in ya ci karo da dutse ya kan yi ɗan tozo sumul a bisansa, bayan tozon kuma sai kumfa da tafasa. Ya kan kuma rabu biyu kamar bakin kibiya. In tsinin kibiyar na duban inda ruwa ya fito, to, dutse na nan daidai tsinin, sai a kauce. In kuwa tsinin na duban inda ruwa ya nufa, kuma tsakiyarsa santsi ne kamar harshe, wannan ƙofa ce tsakanin duwatsu biyu, nan zurfi ya ke. A tafki, inda ruwa ba ya gudu, alamun sun fi wuyar gani. Launin ruwa kan sake, ko a ga raƙuman ruwa na fashewa a wuri guda alhali kewaye lafiya lau, ko a ga tsuntsu tsaye a tsakiyar ruwa kamar a kan tabarma. Tsuntsu ba ya tsayawa a kan ruwa, akwai abin da ya taka.

Tsofaffin masunta suna da wata dabara kuma. Su kan riƙe alama biyu a tudu, misali wata kuka a bakin gaɓa da wani tsauni can bayanta. In kukar ta zo daidai da tsaunin, sun san suna kan layin dutsen. Sai su nemi waɗansu alamu biyu a wani gefe. Inda layukan nan biyu suka gamu, nan ne wurin. Matuƙan manyan jiragen teku ma suna aiki da wannan dabara in za su shiga tasha.

Da an kusa sai a rage gudu. Mai inji ya kashe shi ya ɗaga, don kada farfela ta daki dutse, a koma ga filafili. Na gaba ya riƙa soka sanda yana jin ƙasa: laka ta kan riƙe sanda, rairayi ya kan yi ƙuruƙuru, dutse kuwa ya kan amsa ƙwas. Ba a zuwa wa dutse ta sama, watau ta inda ruwa ke fitowa, gama ruwa zai ɗauki jirgi ya kai shi da ƙarfinsa, matuƙi ba shi da ta cewa. Ta ƙasa a ke zuwa, ana tuƙi ana hawan ruwa. Ta haka in an ga abin da ba a so, da an daina tuƙi ruwa da kansa zai ja jirgi baya. A tafki iska ce ke matsayin gudun ruwa. Ka'idar dai guda ce: a tsaya a gefen da in igiya ta tsinke, ruwa ko iska za su nisanta jirgi daga dutse, ba su kai shi kansa ba. Abin daɗi kuwa, gefen nan shi ne inda ruwa ya kwanta, inda kifi ke hutawa.

Dutsen tsai da jirgi a hankali a ke saukad da shi, ba a wurga shi, kuma a tabbata igiyar ba ta naɗe ƙafar kowa ba. A kan saki igiya ta ninka zurfin ruwan sau uku ko fiye, don ta kwanta a karkace ta riƙe sosai. A goshin jirgi a ke ɗaure ta. In aka ɗaure a gefe ko a baya, gudun ruwa zai danne wannan wajen har ruwa ya shigo. In an tashi tafiya aka iske dutsen ya maƙale a kogo, sai a gwada jansa ta wani gefe. In ya ƙi, wuƙa na nan. Dutse da 'yar igiya ba su kai ran mutum ba. Haka kuma in taru ya sarƙe a ƙasa. Nan ne masunta da yawa su kan yi kuskure, don taru kuɗi ne, wani ma da bashi ya saye shi. Sai mutum ya miƙe tsaye a gefen jirgi yana fizga, in tarun ya saki farat ɗaya ya faɗa ta baya, ko kuwa ya yi nutso don ya kwance shi, tarun ya kama shi kamar yadda ya ke kama kifi.

In tsautsayi ya sa ruwa ya kwantad da jirgi a gicciye jikin dutse, abin da zuciya ke ba mutum shi ne ya kauce wa dutsen, ya jingina wajen ruwa. Wannan shi ne kuskure. In ya yi haka ya dulmuya bakin jirgi ta inda ruwa ke zuwa, nan take jirgi ya cika. Wajen dutsen a ke karkata, don ruwa ya bi ta ƙarƙashin jirgi, sa'an nan a tura da sanda a zame ta gefe.

Cikin jirgi kuma akwai ladabin zama. Ba a miƙewa mutum biyu a lokaci ɗaya. Ba a taruwa a gefe guda don kallon kifi. Mai jefa birgi shi kaɗai ke tsayawa, abokinsa na zaune yana daidaita jirgi da filafili. In babban kifi ya kama ƙugiya, ba a naɗa igiyar a hannu, sai a bar shi ya ja ya gaji tukuna. Kifin da aka jefo ciki ma sai da lura. Kurungu na da ƙayoyi uku masu tsini, ɗaya a baya, biyu a gefe, in ya kafe su suna huda tafin ƙafa. Tsage na da haƙora kamar ƙusa. Minjirya kuwa in an taɓa ta sai ta girgiza mutum da lantarkin jikinta. Ba kasafai waɗannan ke kisa ba, amma mutumin da ya zabura cikin ƙaramin jirgi yana iya kifar da shi.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Nijeriya, wadda babban ofishinta ke Lakwaja, ta hana jiragen fasinja tafiyar dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar ruwa. Masunta da yawa da dare ko da asuba su ke aikinsu, amma mai hankali ba ya kai jirginsa cikin duwatsu da duhu, don duk alamun nan da aka faɗa da ido a ke ganinsu. Ya kan lissafa komowarsa tun rana na sama, ya kuma tuna in da gangara ya zo, da hawa zai koma, hawa kuwa ya fi cin lokaci da ƙarfi.

Idan duk da haka jirgi ya kife, abu na farko shi ne kada a rabu da shi. Jirgin katako ko ya cika da ruwa ba safai ya ke nutsewa ƙasa ba, sai in nauyin inji ko kaya ya ja shi. A kama shi, a ƙirga mutane, a yi kira. Masu ceto sun fi saurin hango jirgi da kan mutum guda. Gaɓa kuwa kullum ta fi nisa bisa ga yadda ido ke gani. In ruwa mai gudu ya raba mutum da jirgi, sai ya kwanta rigingine, ƙafafunsa na gaba don su fara tarad da dutse kafin kai, ya bi ruwa yana karkatawa sannu sannu wajen gaɓa. Ba a kokawa da gulbi, kuma ba a ƙoƙarin tsayawa da ƙafa cikin ruwa mai ƙarfi tsakanin duwatsu, don ƙafa na iya maƙalewa ruwa ya danne mutum.

Yaron da ke gaɓa ya ga wani na nutsewa, kada ya faɗa ruwa, ko da ya iya iyo. Mai nutsewa ba ya cikin hankalinsa, duk abin da ya kama sai ya hau kansa, ta haka mutum ɗaya kan zama biyu. Sai yaro ya yi kururuwa manya su zo. In akwai sanda ko rawani ko igiya, ya kwanta rub da ciki a gaɓa ya miƙa, don kada a jawo shi. In da nisa, ya jefa jarka ko gora.

'Ya'yan Sarkawa ba rana ɗaya a ke kai su gindin dutse ba. Yaro kan fara da iyo a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, gaban manya. In ya ɗan tasa a sa shi cikin jirgi, aikinsa kwarfe ruwa kurum. Bayan wannan a ba shi filafili a ruwa mai kwanciya. Sai ya shekara da shekaru yana zaune a goshin jirgi da sanda a hannu, ubansa na baya yana nuna masa tozon ruwa, da kumfa, da kukar da ke daidai da tsauni, kafin a yarda ya koma baya ya riƙe tuƙi da kansa.